Ƙuri'ar Ruwa a Wayar Hafizu

Hafizu ɗan marigayi Malam Jaji ya saci ruwan tsoho mako tara a jere, da rana tsaka, mutum goma sha ɗaya suna tsaye suna kallo. Bai fasa ƙofar ruwa ba, bai haƙa ɓarauniyar hanya zuwa gonarsa ba. Da layi biyu na rubutu ya yi satar, a cikin wayarsa. Duk wanda yake ganin wannan bai kai a kira shi sata ba, to bai ga gonar Baba Ɗanasabe a ranin nan ba.

Layin ruwansu ƙaramin reshe ne da ya ɓalle daga babban kanal tsakanin Kura da Bunkure, gonaki goma sha biyu ne a kansa. Tun shekarar da yashi da ciyawar kacalla suka toshe kanal, rana ɗaya ake buɗe musu ruwa a mako, ranar Laraba, daga hantsi zuwa la'asar. Ruwan ba ya zagaye kowa. In an dace mutum takwas su sha, in ba a dace ba shida. Saura sai su jira wata Larabar, tumatirinsu yana yaushi.

Saboda haka duk yammacin Talata sukan taru a gindin darbejiyar da ke bakin ƙofar ruwa, a yi ƙuri'a. Shekara talatin Baba Ɗanasabe ne yake riƙe da ita. Yakan yanka karan dawa gida goma sha biyu, kowane da tsawonsa, ya dunƙule su a hannu kawunansu daidai, ya miƙa. Wanda ya zaro mafi tsawo shi ne na farko, haka har ƙasa. Shi kansa ba ya zara. Abin da ya rage a hannunsa shi ne rabonsa. Yakan ce haka kakanninsa suke raba naman farauta tun kafin a haƙa kanal, mai riƙe da kara ba ya zaɓa. Gidansu tsohon gidan Maguzawa ne. Wasu daga cikin 'ya'yan gidan sun shiga coci, wasu sun musulunta, shi yana nan inda ubansa ya bar shi, kuma ba a taɓa samun wanda ya ce ya cuce shi a rabon ruwa ba.

Sai da yanar ido ta fara rufe masa gani. Wata Talata ya yanka kara biyu tsawonsu ɗaya bai lura ba, mutum biyu suka zaro, kowa ya ce shi ne na farko. Cikin hayaniya wani manomi mai suna Mudassiru ya ce ai dama tsohon da yatsa yake laluben karan, yana maƙale wa kansa mai kyau. Ƙarya ce, kowa ya san ƙarya ce, amma ta riga ta fita. Baba Ɗanasabe ya zubar da sauran karan a ruwa, ya goge wuƙarsa a gefen riga, ya ce wani ya karɓa. Babu wanda ya yarda ya karɓa. A nan ne Hafizu ya ce yana da mafita.

Hafizu yana da gonar tumatir da ya gada a layin, yana kuma da shagon cajin waya a Kura. Tun yana makaranta a birni ya koyo wani wasa da ake yi a kwamfuta. Mutum biyar ko shida sukan haɗu ta intanet, kowa daga garinsu, a shimfiɗa musu taswira a allo kamar an ɗora ta a kan tebur. Ɗaya yana jan labari, sauran kowa yana riƙe da jarumi guda. Idan jarumi zai tsallake rami ko ya harbi dodo, sai a jefa ɗan lido a ga ko ya dace. Amma ba mai fuska shida irin na lidon gida ba, nasu fuskarsa ashirin, kuma manhajar ce take jefawa. Wasa ne na manyan da ba su da aikin yi ranar Asabar, amma babu caca a cikinsa, wannan a faɗa a yi musu adalci.

A wasan nan Hafizu ya fi kowa iya abin da suke kira makro. Jerin umarni ne da ake rubutawa sau ɗaya a ɗaure shi a jikin maɓalli, kullum aka danna sai manhaja ta yi jifan, ta yi lissafin, ta fito da sakamako. Ya rubuta wa manoman nasu maɓallin. Sunaye goma sha biyu, kowane suna da jifansa, mai babbar lamba ya fara sha. Ya ce shi ba zai ma danna ba, Malam Hambali shugaban layin ya danna da hannunsa, a ɗaga wayar kowa ya gani.

Wanda ya fi kowa murna Baba Ɗanasabe ne. Ya ce shekara talatin yana cin saura, yau ga shi shi ma an jefa masa nasa.

Mako biyu na farko lafiya aka yi. Daga na uku lambar tsohon ta faɗi, ta ƙi tashi. Uku, shida, biyu, biyar. A mako tara sau biyu kawai ruwa ya shiga gonarsa. Gonar kuwa jigawa ce, ƙasarta yashi, ba ta riƙe damshi. Furen ya zube, ganyen ya naɗe, 'ya'yan da suka fito suka tsaya kamar goro suka ƙone a jikin uwarsu. Hafizu bai rasa ruwa ko sau ɗaya ba. Ba kullum yake zama na farko ba, shi ya sa ba a zarge shi ba. Tsokanarsa kawai ake yi, ana cewa yaron Jaji da goshi aka haife shi.

Hafizu yana da ƙanwa, Bashira, malama ce a wata firamare a Kura. Shi ya shigar da ita wasan. Da abokan wasansu suka ƙaru, wasu Turancinsu bai kai ya karanta musu bayanin manhajar ba, sai ta ɗauki nauyin rubuta musu littafin bayani da Hausa. Kowane maɓalli shafinsa guda: sunansa, abin da yake yi, misali, da abin da za a kiyaye. Ita ta rubuta musu cewa 1d20 yana nufin a jefa ɗan lido ɗaya mai fuska ashirin. Ita ta raɗa wa jifa iri biyu suna. Idan jarumi yana kan tudu abokin gabarsa yana kwari, ana jefa masa biyu a ɗauki babban, ta kira shi jifan ɗan gata. Idan jarumin yana da rauni ko an yi masa sammu, ana jefa biyu a ba shi ƙaramin, ta kira shi jifan maraya. Sunayen suka bi bakin 'yan wasan har na Zariya.

Ranar da ta kai masa shafinta na farko, Hafizu ya mayar mata da shi. Ya ce ta kwafe abin da ya gaya mata ne kawai. Ya ce kada ta ƙara rubuta abin da mai maɓalli ya ce maɓallinsa yana yi, ta danna shi sau ɗari, ta rubuta abin da ta ga yana yi. Ta ji haushi a ranar, amma ta riƙe maganar. Duk shafin da ta rubuta bayan nan sai da ta danna sau ɗari.

A ƙarshen ranin, manoman wani layi ta wajen Bunkure suka ji labarin ƙuri'ar waya, suka aiko suna so. Malam Hambali ya ce a rubuta musu bayaninta dalla-dalla, yadda ko ba Hafizu za su iya. Hafizu ya ce wa ƙanwarsa ta rubuta yadda ake dannawa da yadda ake karanta sakamako, layi biyar ya isa. Ya bar mata kwamfutarsa, ya bi motar tumatir zuwa kasuwa. Ko dai ya manta wadda ya koyar, ko ya raina ta.

Safiyar Asabar ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta ja layi goma sha biyu a littafin makaranta, ta fara dannawa. Duk wanda lambarsa ta haura goma sai ta yi masa zane. Da ta cika ɗari ta ƙirga. Mutum goma suna tsakanin arba'in da 'yan kai zuwa hamsin da 'yan kai, yadda ya kamata. Hafizu tamanin da takwas. Baba Ɗanasabe goma sha biyu. Ta ce wataƙila hannunta ne ya yi kuskure, ta buɗe sabon shafi ta sake ɗari. Abin bai canja ba.

Sai ta buɗe cikin maɓallin. Layi goma gajeru ne, iri ɗaya. Biyu sun fi tsawo. A gaban sunan yayanta jifan ɗan gata ne, a gaban sunan tsohon jifan maraya. A wasa ma biyu ake jefawa, nan uku ya sa. Ya kuma rufe sauran jifan, yadda lamba ɗaya kawai za ta fito a fuskar waya kamar ta kowa. Hafizu yana da ɗabi'ar rubuta kwanan wata a saman duk gyaran da ya yi, ɗabi'ar ba ta bar shi ba ko a wajen sata. Ga kwanan watan nan a rubuce, Litinin ɗin mako na uku.

Washegari da hantsi ta same shi a gona. Mata suna tsinkar tumatir, kwanduna a jere a bakin hanya, ja wur. Ta ce tana da magana, suka hau gaɓar kanal inda ba mai ji.

"Yaya, me ya sa layin Baba Ɗanasabe a cikin maɓallin ya fi na kowa tsawo?"

Ya yi dariya, amma bai dube ta ba. "Malama, har can kika shiga? Cewa na yi ki rubuta yadda ake dannawa."

"Kai ka ce in rubuta abin da na ga yana yi."

Ya tsuguna ya tsinko ciyawa yana murzawa. Sannan ya fara kawo hujja, irin hujjar da mutum ya daɗe yana shirya wa kansa. Ya ce gonar tsohon ita ce mafi girma a layin kuma yashi ce, ita kaɗai tana shanye lokacin mutum biyu da rabi. Duk ranar da ya shiga gaba, mutum shida ne suke samu. Duk ranar da ya faɗi ƙasa, takwas suke sha. Ya ce ta lissafa da kanta, gida nawa aka ceta. Ya ce da farko mako ɗaya ya yi niyya, don fure ya kama, sai kuma abin ya zarce.

Ta ce, "To naka layin fa? Shi ma don mutane ka yi?"

Da ya ɗago sai ya sauya murya. Ya ce yau ɗin nan zai goge layukan biyu, ya mayar da su kamar na kowa, ita kuma ta rubuta bayanin gyararren.

"Kin ga ba ki yi ƙarya ba. Abin da kika ga yana yi shi za ki rubuta. Mutanen Bunkure su samu mai kyau, mu ma mu ci gaba da mai kyau. Wa aka cuta?"

Ta ce za ta yi tunani. Ya ce ta yi tunanin Inna.

Bai jira ta kai maganar gida ba, shi ya riga ta. Da ta dawo ta tarar da mahaifiyarsu Kulu tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce ta ji komai, ta kuma yi masa faɗa, ya yi kuka, ya rantse ba zai sake ba. Ta ce tun rasuwar ubansu gonar nan ce take ciyar da gidan, ita ta kai Bashira makaranta. Ta ce tsohon ma ya riga ya sayar da gonarsa ga wani ɗan kasuwa daga Madobi, gobe zai koma wajen ɗansa a Kumbotso. Ruwan da ya wuce ba ya dawowa kanal.

"Ɗan'uwanki ne, ciki ɗaya. In kin tona shi, wa zai rufe ki?"

Ranar Litinin bayan an tashi makaranta Bashira ta tafi gidan Baba Ɗanasabe da niyyar ta faɗa masa, shi kaɗai, in ya so ya yi yadda ya ga dama. Ta tarar da a-kori-kura a ƙofar gida, ana loda gado da tukwane da buhun gero biyu. Matarsa Luba ta ja ta zuwa bayan rumbu. Ta ce ba asarar tumatirin ce ta karya shi ba, ya sha yin asara, tsutsa ta taɓa cinye masa gona ƙaf bai fasa dariya ba. Lambar ce. Tun mako na biyar ya daina cin abinci sosai. Yana cewa wani laifi ya yi wanda bai sani ba, shi ya sa aka juya masa baya. Ya je gindin tsamiyar kakanninsa ya yanka zakara. Ƙaninsa ya sa an yi masa addu'a a coci. Ɗansa Sabi'u ya aiko da rubutu daga Kumbotso, ya sha. Talata ta zo, lamba ta fito huɗu.

Tsohon yana zaune a kan turmi a inuwa, yana jin motsin kayansa ana fitar da su. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya gane muryarta.

"'Yar Jaji ce? Kin zo sallama. Madalla."

"Baba, da ka ƙara haƙuri zuwa baɗi."

"A'a, 'yata. Shekara talatin ina riƙe da kara, ina cin abin da ya rage, kuma bai taɓa hana ni ci ba. Ashe albarkacin mutane nake ci. Da aka jefa mini nawa ni kaɗai, kin ga abin da ya fito. Mutumin da rabonsa ya ƙare a wuri, tashi yake yi."

Ya laluba aljihu ya fito da 'yar wuƙar da yake yanka kara da ita, ya ce ta kai wa Malam Hambali, ko wata rana waya za ta mutu. Ya ce ta gaishe da yayanta, yaron kirki, ya ɗauke masa nauyin da ya fi ƙarfin idonsa. Bashira ta karɓi wuƙar. Maganar da ta kawo ta, ta koma da ita. Tana tsaye aka kama shi aka sa a gaban mota, Luba ta hau baya a kan buhun gero, suka tafi.

Shawarar da Hafizu ya kawo tana da daɗi, kuma babu ƙarya a cikinta ko ɗaya. Amma akwai gaskiyar da ake faɗa don a binne wata, kuma wannan ba ta da maraba da ƙarya. In Bashira ta rubuta bayanin gyararren maɓalli, mutanen Bunkure za su samu abu mai kyau, Hafizu zai ci gaba da zama yaron kirki, tsohon kuma zai mutu a Kumbotso yana neman laifin da bai yi ba. Ta san wannan. Ta kuma san me zai biyo baya a gidansu in ta rubuta ɗayan.

Safiyar Talata ta rubuta shafin. Hafizu ya riga ya goge layukan kamar yadda ya ce, amma ta kwafe su a littafinta tun ranar Asabar.

Da yamma aka taru a gindin darbejiya, mutum goma sha ɗaya, da yaron ɗan kasuwar Madobi a madadin maigidansa, da baƙi biyu daga Bunkure. Malam Hambali ya ce tunda ba kowa ke karatun boko ba, Malama ta karanta a ji. Ta tsaya daga gefe ta buɗe littafin. Ta karanta sunan maɓallin. Ta karanta cewa yana jefa wa kowane suna ɗan lido ɗaya mai fuska ashirin, mai babbar lamba ya fara, in biyu suka yi daidai a sake jefa musu. Ta ba da misali. Mutanen Bunkure suna gyaɗa kai. Hafizu yana jingine da babur ɗinsa, ya fara sakin jiki.

Sai ta zo wajen abin da za a kiyaye. Muryarta ba ta canja ba. Ta karanta cewa duk wanda yake da ikon buɗe maɓallin yana iya canja jifan mutum ɗaya ba tare da an gani a fuskar waya ba. Ta karanta cewa an taɓa yin haka a wannan layin, daga Litinin ɗin mako na uku har zuwa shekaranjiya. A tsawon wannan lokaci maɓallin yana jefa wa Hafizu Jaji sau uku ya ba shi mafi girma, yana jefa wa Ɗanasabe sau uku ya ba shi mafi ƙanƙanta. Ta karanta ƙirgen ɗari biyun da ta yi. Ta rufe littafin, ta miƙa wa Malam Hambali tare da wuƙar.

Malam Hambali ya tambayi Hafizu ko haka ne. Hafizu ya ce haka ne. Ya fara maganar gonar yashi da gidajen da aka ceta, ya ga ba mai kallonsa, ya bari. Mudassiru ne ya fara ɗaga murya, yana cewa a kai shi wajen hukuma. Malam Hambali ya ce masa ya zauna, da bakinsa aka buɗe wannan ƙofar. Ya ce kuma kafin kowa ya zagi yaron, ya tuna mako tara duk sun sha ruwan tsohon, sun ji daɗinsa, ba wanda ya tambayi me ya sa mutum ɗaya ne kullum a ƙasa. Ya ce ba za a yanke komai ba sai an ji daga bakin mai haƙƙi. Baƙin Bunkure suka yi sallama, ba su karɓi takardar ba.

Ranar Juma'a da safe Malam Hambali da Bashira suka je Kumbotso. Gidan Sabi'u ƙarami ne, tsakar gidan siminti. Sun tarar da tsohon a tsugune yana zuba wa barkono uku ruwa a cikin tsohon bokitin fenti. Aka shimfiɗa musu tabarma, Luba ta zauna a bakin ƙofa. Bashira ta karanta masa shafin. Ya ce bai gane ba, ta sake. Sai ta ajiye littafin.

"Baba, kamar a ce kowa ya zaro kara ɗaya. Kai kuma a zaro maka uku, a duba mafi gajarta a ba ka, a ɓoye biyun. Kowace Talata."

Ya ɗora hannunsa a kan gwiwa.

"Ashe ba laifi na yi ba."

"Ba ka yi ba, Baba."

Luba ta ja mayafi ta rufe fuska. Tsohon ya tambayi wa ya yi. Malam Hambali ya buɗe baki, Bashira ta riga shi, ta ce yayanta ne. Ya maimaita sunan Jaji sau biyu a hankali. Ya ce ranar sunan yaron shi ya kawo icen da aka dafa abinci.

Malam Hambali ya ce sun je wajen ɗan kasuwar Madobi, ya ce ciniki ya faɗa, har ya sa tarakta a gonar. Ya ce abin da ya rage shi ne hukunci, kuma mutanen layi sun ce shi zai faɗa.

"Ni ba ni da gona a layin nan, Hambali. Ku da kuke da ruwa ku yanke."

Da za su tafi ya kira Bashira ta matso. Ya laluba ya kama gefen mayafinta.

"Ke kuma da wa kike cin tuwo yanzu a gidanku?"

Tun ranar Talata Inna Kulu take ajiye mata nata a ƙofar ɗaki. Ya saki mayafin, ya juya wajen barkononsa.

Baba Ɗanasabe bai sake taka layin ba. Luba ta aiko cewa ya koma cin abinci. Shafin yana nan a littafin bayani, tsakanin jifan maraya da maɓallin raba ganima, Bashira ba ta cire ko harafi ba, amma ita ma ba ta sake zama a teburin wasan ba. A gindin darbejiya an koma karan dawa. Malam Hambali ne yake yankawa da wuƙar tsohon, kuma ba ya zara.

Abokan wasan Hafizu sun cire sunansa daga teburinsu, sun goge duk maɓallin da ya rubuta. Mutanen layi sun yanke masa rani uku babu ƙuri'a. Kara goma sha ɗaya ake yankawa. Shi ne na ƙarshe kowace Laraba, in ruwa ya kai ya sha, in bai kai ba shi ke nan. A rani na farko sau ɗaya ya kai.